Cinikin Gyaran Fatar Wuya A Bauchi: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Daga wakilinmu a Bauchi

BAUCHI — A shagunan kayan kwalliya na Kasuwar Wunti da Babbar Kasuwa da Kasuwar Muda Lawal da ke birnin Bauchi, ban da turare da sabulai da sauran kayayyakin da ake zuba wa amarya a lefe, akwai wani rukunin haja mai nasa masu saye na daban. Su ne mayukan shafawa da ake tallarsu da cewa suna mayar da tsohuwa yarinya, suna goge tamoji, suna kuma ɗame fatar fuska da ta wuya idan ta fara saki. Akasarinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su ta hannun manyan dillalai na Legas da Kano, saboda haka farashinsu yana bin dala sawu da ƙafa.

Wuya dai wuri ne da ke tona asirin shekaru. Ana iya rufe furfura da rini, a rufe tamojin fuska da hoda, amma ranar biki, sa'ad da aka ɗaura sarƙa aka sassauta mayafi, fatar da ta yi reto a ƙarƙashin haɓa ba ta ɓuya. Daga nan ne cinikin ke samun ƙarfinsa. Kuma kasuwa ce mai faɗi, domin ko da yake masu shekara 60 zuwa sama kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na al'ummar Nijeriya, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 wannan na nufin kusan mutum miliyan 10, ban da ɗimbin 'yan shekara 40 da 50.

Abin da ilimin likitanci ya tabbatar shi ne, babu wani man shafawa da zai iya ɗaga fatar da ta riga ta saki. Abubuwan da ke aiki sun kasu gida biyu: riga-kafi mai araha da kowa zai iya yi, da kuma aikin likita mai tsada wanda 'yan ƙalilan ne ke iya biya. A tsakanin waɗannan biyu ne yawancin kuɗin jama'a ke salwanta, wani lokaci ma a kan hajar da ke ƙara lalata fatar.

Dalilin da ke sa fatar wuya saki

Fatar ɗan Adam tamkar saƙa ce. A ƙarƙashin ɓangaren da ido ke gani akwai wasu zarurruka iri biyu. Na farko shi ne kolajin, wanda ke ba saƙar ƙarfi da kauri. Na biyu kuma ilastin, wanda ke aiki kamar robar da ake sa wa ƙugun wando, yana sa fata ta koma yadda take bayan an ja ta. Binciken masana ya nuna cewa bayan mutum ya gama girma, kolajin ɗin fatarsa yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ga mata kuwa lissafin ya fi tsanani, domin a cikin shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada mace tana iya rasa kimanin kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fatarta. Shi kuwa ilastin, in ya tsinke, jiki ba ya iya mayar da shi yadda yake tun farko.

Wuya ya fi sauran sassan jiki saurin nuna wannan canji saboda fatarsa siririya ce, maiƙonta kaɗan ne, kuma kullum tana cikin lanƙwasa da juyawa. Daɗin daɗawa, a ƙarƙashinta akwai wata tsoka mai faɗi mara kauri da likitoci ke kira filatisma, wadda ta shimfiɗu daga saman ƙirji zuwa muƙamuƙi. Idan shekaru suka ja, gefunan wannan tsoka sukan rabu su fito kamar igiyoyi biyu a tsaye a gaban wuya. A lokaci guda ƙashin muƙamuƙi yana ɗan zaizayewa, musamman ga wanda ya rasa haƙora, kitsen fuska kuma yana gangarowa ƙasa. Ke nan matsalar ta haɗa fata da tsoka da kitse da ƙashi, alhali man shafawa iyakarsa saman fata. Gado ma yana da nasa rabon: wanda iyayensa suka yi saurin sakin wuya, ba abin mamaki ba ne shi ma ya bi sahu.

Rana, hunturu da sana'a

Ban da shekaru da gado, babban abin da ke tsinka waɗannan zarurruka shi ne wani haske da ido ba ya gani a cikin hasken rana, wanda masana ke kira UV. A nan Allah ya yi wa baƙar fata gata, domin sinadarin melanin da ke ba ta launinta yana tare wani kaso mai yawa na wannan haske, shi ya sa tamoji ke jinkirin fitowa ga baƙin mutum idan aka kwatanta da Bature. Amma tarewar ba ta cika ba. Manomi, da ɗan acaba, da mai tireda a bakin titi, da dillalin da ke yini a kasuwar shanu ta Mararrabar Liman Katagum, duk wuyansu na shan ranar bazara ta watannin Maris da Afrilu shekara da shekaru, kuma fatar tana riƙe da lissafin. Shan taba da shisha su ma suna rage jinin da ke isa fata tare da gaggauta lalacewar kolajin. Haka nan yawan ƙiba da ramewar gaggawa, irin wadda masu shan magungunan rage ƙiba ke nema, tana barin fata kamar buhun da aka zazzage.

Hunturu kuwa nasa aikin daban ne, kuma fahimtarsa tana bayyana sirrin wani ɓangare na cinikin. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska tana tsotse danshin fata, sai layukan wuya su fito fili fiye da yadda suke. Duk wani mai da aka shafa a wannan lokaci, mai tsada ne ko mai araha, zai mayar da danshin cikin 'yan kwanaki, layukan su lafa. Mai saye sai ya ɗauka cewa kwalbar da ya biya da tsada ce ta yi maganin tsufa, alhali bushewa ta yi wa magani, aikin da man kaɗe na 'yan kuɗi kaɗan zai yi.

Hajar da ke ƙara wa ciwo gishiri

Babbar asara tana wajen mayukan bilicin. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 sun nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka a cikin wannan rahoto. Da yawa daga irin waɗannan mayuka suna ɗauke da ɗaya ko fiye daga cikin sinadarai uku: sitiroyid, da haidirokwinon, da zaiba wadda wasu ke kira makuri.

Sitiroyid mai ƙarfi, idan aka daɗe ana shafa shi, yana hana fata ƙera kolajin, sai ta sirance, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokwinon, in an wuce ƙa'ida, yakan bar baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu da wuya. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta cutar da ƙoda da jijiyoyi. Bugu da ƙari, duk wanda ya kore melanin ɗin fatarsa ya cire wa kansa laimar da ke kare shi daga rana. Sakamakon haka sai a ga mace ta kashe kuɗi a shekarunta na 20 da 30 wajen sayen man da ke cinye kolajin, sa'an nan ta dawo shago guda a shekarunta na 40 tana neman man da zai mayar da shi.

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993, ita ke da alhakin yi wa kayan kwalliya rajista. Ƙa'idojinta sun haramta sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. A wannan shekarar ce kuma ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018, suka tsai da shawarar kawo ƙarshen ƙerawa da shigowa da fitar da duk kayan kwalliyar da aka sa wa zaiba bayan 2025. Ɗan kasuwar da ya tara irin wannan haja, ko yake sayar da haɗe-haɗen da ake damawa a bayan shago ba tare da suna ko lamba ba, ya jingina jarinsa ne da katangar da doka ke shirin rushewa.

Abin da ke aiki, da iyakarsa

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, kuma a wannan fanni ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Matakin farko shi ne kare wuya daga rana. Mayafi da hijabi da rawani da malafa da laima duk suna yin wannan aiki ba tare da an kira su magani ba. Ga wanda sana'arsa ta tilasta masa yini a fili, akwai man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko fiye, wanda ake shafawa har wuya da ƙeya, a kuma sake shafawa bayan 'yan sa'o'i. Sai barin taba, da tsayar da nauyin jiki a kan matsakaici, da cin abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da zogale, tare da gwaiba da lemo, domin jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C. A lokacin hunturu kuma a rage wanka da ruwa mai tsananin zafi da dirzar wuya da soso, a shafa mai tun jiki na da danshi.

A cikin abubuwan shafawa, wanda ya fi kowanne hujjar bincike shi ne tiretinoyin, wani magani dangin bitamin A da aka samar ta hanyar aikin Dokta Albert Kligman da abokan aikinsa a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi don maganin ƙurajen fuska a 1971, sa'an nan a 1995 ta amince da wani nau'insa don gyara lahanin da rana ke yi wa fata. Yana sa fata ta ƙara ƙera kolajin, yana rage ƙananan layuka, amma sai an yi watanni ana amfani da shi kafin a ga canji. Magani ne da ya kamata likita ya rubuta, mai juna biyu ba ta amfani da shi, kuma idan aka cika shi a wuya yana ƙona fata ya bar baƙin tabo. Ko shi ɗin ma gyaran saman fata yake yi, ba ya ɗaga abin da ya sauka.

Mayukan da aka rubuta wa kolajin a jiki kuwa, ƙwayoyin kolajin sun yi girman da ba za su ratsa fata ba, don haka aikinsu bai wuce laushi ba. Wanda aka ci ta baki, ko na gwangwani ne ko na ganda da farfesun ƙafar saniya, ciki yana narkar da shi kamar kowane abinci mai gina jiki, kuma ba ya zaɓar wuya ya tafi can. Haka nan dilke da halawa da masu gyaran jiki ke yi wa amare da uwargida: suna cire matacciyar fata, suna sa sheƙi da santsi, kuma sana'a ce mai kyau muddin ba a cusa mata sinadaran bilicin ba, amma ɗame wuya ba ya cikin aikinsu.

Aikin likita da lissafinsa

Idan igiyoyin tsokar wuya ne suka fito, akwai allurar Botox da ke sassauta su, wadda hukumar Amurka ta amince da ita don wannan aiki a watan Oktoba na 2024. Tasirinta watanni 3 zuwa 4 ne, sai a sake. Akwai na'urori irin su Ultherapy, da aka amince da ita don wuya a 2012, waɗanda ke ɗumama ƙarƙashin fata don ta ƙera sabon kolajin. Suna taimaka wa wanda sakin fatarsa bai yi nisa ba, sakamakon kuma matsakaici ne. Akwai allurar narkar da kitsen ƙarƙashin haɓa da aka amince da ita a 2015, amma idan fata ta riga ta yi yawa, cire kitsen na iya ƙara bayyana reton. Wanda fatarsa ta saki sosai, tiyata ce kaɗai ke iya ɗinke tsokar, ta yanke rarar fatar, kuma sakamakonta na ɗaukar shekaru da dama. Ita ma tana da haɗarinta, har da tabo mai tudu da ya fi samun baƙar fata.

A lissafin ɗan kasuwa, allura da na'ura tamkar zaman haya ne, kullum ana biya; tiyata kuwa sayen gida ne, kuɗin a dunƙule suke fita, kuma gidan da aka saya ma yana tsufa. Na'urorin da magungunan duk na waje ne, asibitocin da ke yin aikin sun fi yawa a Legas da Abuja, wasu masu hali kuma sukan tafi Turkiyya ko Masar ko Indiya. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar wannan shekarar bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Irin wannan tsada ce ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa, su riƙa yi wa mutane allura a shagon gyaran gashi. Duk mai niyyar irin wannan aiki ya tabbata mai yi masa likita ne da ke da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya.

Ya kamata kuma a sani cewa wasu canje-canjen wuya cuta ce da ke buƙatar asibiti. Kumburi a gaban wuya na iya zama maƙoƙo, cutar da ta sa Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri tun 1993. Baƙin da ke kwanciya a ƙeya da lanƙwasar wuya mai laushi kamar karan-miski, wanda mutane ke ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza ko su shafa masa bilicin, sau da yawa alama ce ta cewa ciwon sukari na tafe. Mai irin wannan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa ya kamata ya nufa kafin shagon kwalliya.

Kaɗanya: arzikin da ke ƙofar gida

Abin lura ga masu zuba jari shi ne, da yawa daga cikin mayukan da ake shigo da su da tsadar dala suna alfahari da cewa akwai man kaɗe a cikinsu. Jihar Bauchi tana cikin yankin da itacen kaɗanya ke fitowa da kansa, tare da Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna waɗanda suka fi ta yawan amfanin. Matan karkara ne ke tsintar ƙwarar da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su kirɓa har mai ya taso. Man kaɗe ba ya ɗaga fatar da ta saki, kariyar da yake bayarwa daga rana ma kaɗan ce ƙwarai, amma wajen riƙe danshi da laushin fata yana gogayya da mayukan da suka ninka shi kuɗi.

Sa'ad da Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya ba da sanarwar dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na tsawon watanni 6 a ranar 26 ga Agusta, 2025, gwamnati ta ce Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5. Ƙasashen Burkina Faso da Mali sun riga sun ɗauki irin wannan mataki a 2024. Manufar ita ce a tilasta sarrafa ƙwarar a gida. Sai dai da aka rufe ƙofar fita, farashin ƙwarar ya faɗi nan take, kuma matan da ke tsinta ne suka fara jin jiki. Wannan ya nuna cewa hana fitarwa kaɗai ba ya ƙara wa kowa arziki sai an sami masu saye a cikin gida da za su mayar da ƙwarar mai, su mayar da man haja.

A nan ne gurbin yake. Mai da ake sayarwa a cikin ƙwarya ko leda, wani fari wani ruwan ƙasa, wani da warin hayaƙi, ba zai shiga babban kanti ba. Abin da ake buƙata shi ne injin niƙa da na matsa, da tsabtar wurin aiki, da ma'auni ɗaya, da mazubi mai kyau, da lambar rajistar NAFDAC, da kuma yarjejeniya da ƙungiyoyin mata masu tsinta a kan farashin da zai sa su ci gaba da kawowa. Ya wajaba kuma a kula da tushen jarin, domin itacen kaɗanya yakan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, alhali masu gawayi suna sare shi cikin yini guda.

Darasi ga 'yan kasuwa

Cinikin kayan kwalliya na masu dawowa ne. Macen da aka sayar wa kwalba da alkawarin wuyanta zai koma na budurwa cikin mako 2, za ta saya sau ɗaya ko sau biyu, daga nan ta tafi da labarin shagon zuwa gidajen biki da na suna. Wadda aka gaya wa gaskiya cewa wannan na laushi ne, wannan na kariya daga rana ne, wancan kuwa sai ta ga likita, ita ce za ta dawo ranar haɗa lefen ɗanta. Saboda haka ya kamata mai shago ya duba lambar rajista da ranar lalacewar kaya kafin ya yi sari, ya nisanci haɗin da ba shi da suna, ya kuma nemi hanyar kawo man kariya daga rana mai sauƙin kuɗi wanda ba ya barin fari a baƙar fata, domin haja ce da buƙatarta ke nan amma masu kawo ta ba su da yawa.

Mai saye shi ma yana da nasa lissafin. A misali, wanda ke sayen kwalbar Naira 10,000 a kowane wata ya kashe Naira 120,000 a shekara. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi ya isa ya biya ganin likita sau ɗaya, ya sayi man kariya daga rana da man kaɗe mai tsabta na shekara guda, sauran kuma ya koma cikin jari.